Kar Fim Ya Sa Ka Ji Tsoron Sallar Dare

Assalamu alaikum 'yan uwana Musulmi. Akwai wani abu da ke damuna game da finafinan ban tsoro da muke turawa juna a waya, musamman na Indunusiya da Turkiyya, wanda muke sakin jiki da su saboda wai ai na Musulmi ne, ga kiran sallah ga malami ga ruƙiyya, sai mu ɗauka wa'azi ne.

To amma ku lura da inda suke ajiye aljanin. A kan sallaya fa! Yarinya ta tashi tsakar dare ta yi alwala ta tada kabbara, kafin ta kai ruku'u sai ka ga wani abu ya tsaya bayanta yana bin ta sallah, ko malam ya zo yana karatu aljani ya ɗaga shi ya maka da bango. Yaron da ya kalli wannan, don Allah da wane ƙarfin hali zai fita alwalar Asuba shi kaɗai in an ɗauke wuta? Wallahi akwai manya ma da ba sa iya sallar dare sai da fitila a kunne, suna sallah suna jin kamar da mutum a bayansu.

Su kansu malaman Indunusiya ba su yi shiru ba. A 2024 da aka fitar da hoton tallan wani fim mai suna Kiblat, mace cikin kayan sallah an karkace mata jiki, majalisar malaman ƙasar ta yi tir da shi, masu fim ɗin suka ba da haƙuri suka canja suna.

Aljanu gaskiya ne, ba mai musu, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani. Amma Allah da ya halicce su ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 76 kaidin Shaiɗan mai rauni ne, mai fim kuma sai ya kambama shi don da tsoronka yake cin abinci.

Har shaiɗanin da ke rikita sallah Annabi (SAW) ya faɗi sunanshi. A Sahihu Muslim, Usman bin Abil As ya kai kuka cewa shaiɗan na shiga tsakaninsa da sallarsa yana cakuɗa masa karatu, Annabi ya ce ana kiransa Khinzab, in ka ji shi ka nemi tsarin Allah ka yi tofi hagunka sau uku. Usman ya ce ya yi hakan, Allah ya raba shi da shi.