Gobarar gidan mai muke tsoro, mun manta da rijiyar masallaci

Duk mutumin Accra da ya mallaki hankalinsa ya san daren 3 ga Yuni, 2015. Ruwan sama ya cika Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, jama'a suka fake a wani gidan mai, fetur ya taso ya bi kan ambaliya, wuta ta kama. Mutane wajen 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bayan shekara biyu, a Oktoban 2017, gas ya fashe a Atomic Junction kusa da Madina. Tun daga nan, da zarar an ce za a gina gidan mai a unguwa, maganar dattawa ɗaya ce: wuta.

Ni abin da ya fi damuna yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Kowane gidan mai yana da manyan tankuna a binne, tsofaffin cikinsu na ƙarfe ne. Ƙarfe kuwa in ya shekara ashirin ko talatin a jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ya yi tsatsa, balle a garin bakin teku mai gishiri irin namu. Wani lokaci ma tankin lafiyarsa ƙalau, bututun da ke kai mai zuwa famfo ne ya tsage a mahaɗa. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa bai wuce lita 4 da ɗoriya a yini ba. Yaron da ke zura sanda yana auna tanki da safe, a gidan da ke sayar da dubban litoci, ina zai lura da wannan? Amma a shekara ya haura lita 1,500, duk ƙasa ta shanye.

Man yana nutsewa har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da yake bai kai ruwa nauyi ba sai ya kwanta a samansa, wani ɓangare ya narke, ya bi gangare a hankali zuwa duk inda aka haƙa rami. A cikin abin da ke narkewa akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a litar ruwan sha, kuma shi kaɗai yana iya wuce wannan ma'auni hanci bai ji komai ba. Tacewa da ƙyalle ba ta cire shi. Tafasawa kuma tururi kawai take mayar da shi, uwar gida ta shaƙa a madafa.

Wa ke shan wannan ruwa? Mai hali yana da tanki a saman bene, motar ruwa na kawo masa. Mu a Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, ranar da ruwan famfo daga tashar tace ruwa ta Weija ko Kpong ya ɗauke, yara ne ke ɗaukar jarkokin da muke kira galan ɗin Kufuor su nufi rijiyar maƙwabta ko burtsatsen da wani bawan Allah ya haƙa wa masallaci sadaka. Za ka ji mutum ya ce ai shi fiyawata yake sha. To da me ake dafa wake da shinkafar da ya ci da safe? Da me yake kurkure baki sau biyar a yini? Idan Hajiya ta ce ruwan rijiya ya soma wani ɗanɗano kamar kananzir, kada a ce mata tsufa ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba mu muka fara ganin wannan ba. Amurka ta yi dokar tankunan ƙarƙashin ƙasa a 1984, ta ba masu gidajen mai wa'adi zuwa Disamban 1998 su gyara tsofaffin tankuna, su sauya, ko su rufe. Duk da kuɗinsu, wuraren da aka tabbatar mai ya tsiyaye a can sun haura 500,000. A 1986 suka buɗe asusun sharewa da ɗan harajin da ake cira a kan kowane galan. Wanda zai ce mana tankunan Accra ba sa yoyo, sai ya nuna takarda.

Takardar nan ita ce duk buƙatata. Muna da hukumar NPA mai ba da lasisin sayar da mai tun 2005, muna da hukumar EPA mai ba da izinin muhalli. Mutanen NPA suna yawan bincikar famfo don kada a tauye wa direban trotro, motar hayarmu, lita, kuma sun kyauta. Sai a ƙara da wannan: kafin a sabunta lasisin kowane gidan mai, a gwada tankunansa da bututansa, a ɗebi ruwan rijiyoyin da ke kewaye a auna benzin, kuɗin gwajin daga aljihun mai gidan man. Sakamakon kuma a liƙa shi a bango inda mai sayar da koko za ta sa jikanta ya karanta mata. Masu gidajen mai za su ce tsada. Tsada ce, tanki mai bango biyu ba araha ba ne. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma wanke ruwan ƙarƙashin ƙasa aiki ne na shekaru da ya ninka kuɗin tankin.

Mu ma da namu laifin. Magada na sayar da gidan gado a bakin titi, ba wanda ke tambayar abin da za a binne a ciki. Gidan mai ya rufe, a mayar da shi wurin wankin mota ko shaguna, tankin na nan a ƙasa da ragowar mai. Sarakunan zango da limamai suna da bakin da ake ji a majalisar ƙaramar hukuma. Kwamitin masallacin da ke iya tara sidi dubbai don tayil da lasifika zai iya cika kwalba ɗaya daga burtsatsensa ya kai a auna, musamman in daga wurin alwala ana hango famfon fetur.