Hannun da ya fasa ƙwai saba'in

A oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, kullum ina gaya wa masu neman permi cewa haɗa ido da direba ba ya nufin kun fahimci juna. Ranar Talata da hantsi, a bakin gudron kasuwar Wadata ta Yamai, ni malamin da kaina na manta karatun.

Tsallakawa kawai zan yi in sayo batir. Na dubi hagu, tunda a Nijar dama ake tuƙi, motar da za ta fara samunka daga hagu take fitowa. Ga wata taksi tafe, gudunta bai wuce kilomita 40 a awa ba, wato mita 11 kowace daƙiƙa. Tsakaninmu kamar mita 50, kenan ina da daƙiƙa huɗu da ƴan kai, ni kuma uku nake bukata in kai tsakiyar hanya. Lissafi ya ce zan wuce, amma da ƙyar. Sai na ɗaga hannu, tafi a buɗe, na kalli direban ido cikin ido. Nufina: dakata, bawan Allah.

A nan gizo yake saƙa. Mai taksi a Yamai wuni yake yi idonsa na kiwon gefen hanya, yana ɗan danna oda, yana jiran wanda zai ce Harobanda ko Yantala. Ƙwaƙwalwa kuwa abin da take nema shi take gani. Ni na ɗaga hannun gargaɗi, shi ya ga kuɗin taksi tsaye cikin babbar riga.

Take ya karyo dama, ba sigina, ba duba madubi. Madubin ma da roba aka ɗaure shi yana kallon ƙasa, amma ko sabo ne fil akwai wurin da ba ya nunawa, daidai ƙofar baya. Can kuwa wani saurayi yake a kan keke, da kwalin ƙwai shida jere a bayan sirdi, talatin-talatin.

Shi ma da nasa zaton: motar da ke tafiya miƙe, miƙe za ta ci gaba. Keke a kilomita 15 yana cin mita 4 a daƙiƙa, kuma kafin ido ya gani, kai ya yarda, yatsu su matse, daƙiƙa guda ta tafi. Taksi ta bar masa abin da bai kai haka ba. Robar birkinsa na baya ta cinye tuntuni, sai ya damƙi na gaba da ƙarfinsa duka. A gudro mai tsabta birkin gaba ne ya fi tsayar da keke, amma gefen hanyar nan yashi ne shimfiɗe. Taya ta kulle, ta sulale, kayan da ke sama suka rinjayi keken. Yaro ya dira da ƙafa, ko ƙwarzane babu. Ƙwai kuwa suka yi sujada, rabinsu a kan takalmina.

Direban ya leƙo ta taga, hankali kwance: "Alhaji, ina za ka?"

Kafin in buɗe baki kotu ta zauna. Mai shayi, ƴan kabu-kabu uku, da wani dattijo Bazabarme mai ta maimaita "kala suuru", wato sai haƙuri.

"Baba, kai ka tsai da shi, na gani da idona," in ji yaron.

Na fara bayanin madubi da sigina da tazarar birki, har da zane a ƙasa da tsinke. Mai shayi ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, mu dai hannu muka gani. Naka ne ko ba naka ba ne?"

Aka ƙirga, saba'in sun fashe, kowane dala ashirin. Jika bakwai. Direban ya ce shi ko kuɗin mai bai haɗa ba tun safe, jama'a suka tausaya masa. Na biya.

Duk wannan fa ban tsallaka ba, kuma gwiwata ta ƙi sake gwadawa. Na buɗe ƙofar taksin na shiga, na ce ya kewaya ya sauke ni wancan gefen. Ya dubi takalmina, ya ce in cire tukuna kada in ɓata masa mota.