Sayar da kamfanin wuta ba ya korar alfarma

Ana yawan cewa da zarar gwamnati ta sayar da kamfanin lantarki, siyasa ta fita daga harkar. Labarin Jojiya, tsohon yankin Tarayyar Sobiyet, ya ƙaryata haka. A 1998 kamfanin AES na Amurka ya sayi kashi 75 na Telasi, mai raba wuta a birnin Tibilisi. Ya kafa mitoci, ya yanke wa masu bashi. Sai dai cibiyar da ke juya wutar ƙasar ba a hannunsa take ba. Wutar da ya biya sai ta karkata zuwa masana'antun masu uwa a gindin murhu, unguwanni kuwa su kwana a duhu. A 2003 ya haƙura, ya sayar wa RAO UES, kamfanin lantarki na Rasha.