Wai baƙi ne suka kawo mana sata Zariya

To kun dai ji abin da ya faru daren jiya a layinmu ba sai na maimaita ba, an sace batiran mota biyu da injin markaɗen wata baiwar Allah da take riƙe da marayu. Ni wallahi ba satar ce ma ta fi ƙona min rai ba, maganar da dattawa suka zauna suna yi bayan sallar asuba ce, wai "ai baƙi ne, Bazazzagi ba ya sata." Sannunku da bincike! Baƙo ne ya san ƙofar zauren nan ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse? Baƙo ne ya san lokacin da 'yan sintiri ke zagayawa wajen mai shayi? Da ɗan gari fa akan ci gari.

Kullum haka muke, cikin birni a ce 'yan Tudun Wada ne, Tudun Wada su ce Sabon Gari, Sabon Gari su tura Samaru, Samaru kuma su ce ai ɗalibai ne, kowa ɗansa waliyyi. Jami'ar nan ta Ahmadu Bello a 1962 aka buɗe ta, Sabon Gari kuwa zuwan jirgin ƙasa ne ya kafa ta, to kafin nan dogaran sarki wa suke kamawa, aljanu? 'Yan dokar En'e da kotun alƙali da gidan yari duk don ado aka yi su kenan?

Kakata Allah ya jiƙanta har ta rasu tana ba mu labarin wani da yake bin lunguna da dusa cikin aljihun riga, akuya ta biyo shi da ƙafarta har wajen ganuwa, ɗan unguwa ne kowa ya san gidansu. Mu kanmu nan da muke cika baki, waye bai tsallaka lambun mutane ba lokacin mangwaro? Ni dai na tsallaka, ranar da aka kama ni da rigata cike da ɗanye mahaifina da kansa ya riƙo kunnena har gaban mai lambun, ya ce "Baba ga shi nan, ɗana ne, a hukunta shi." Ɗana ne. Maganar da ta gagare mu faɗa yanzu kenan. Yau a kama yaro da wayar mutane a hannu uwa ta fito tana rantse-rantse, uba ya riga wanda aka yi wa satar isa ofishin 'yan sanda, mai unguwa yana buɗe baki a ce ya tsani gidan.

Na san za ku zo da zancen talauci da rashin aiki, ku riƙe abinku, ita mai injin attajira ce? Da safen nan na ganta tsaye da bokitan gasarar mutane ta rasa abin da za ta ce musu, wallahi sai da na kau da kai. Namu ne ya yi mata haka, kuma wani a layin nan ya ji shigowar ɗansa ƙarfe ukun dare.

Af, lambun nan ma an yanka shi filaye tuni, ko itace ɗaya ba a bari ba, shaguna ne reras. Wanda ya san inda ake samun injin markaɗe na hannu mai sauƙi dan Allah ya yi min magana.