Na biya dala 85 don a koya mini jan sakata

Ranar Talatar da ta wuce na je karɓo bindigata a wurin mai gyara, kuma har yanzu raina bai daina tafasa ba. Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya dawo da ita da ciwonta, ga rasit a hannu, ba sai na yi masa dogon bayani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a Amurka aka yi mini wannan, ƙasar da muke cika wa 'yan gida baki cewa komai nata a kan tsari yake.

A gefen Harrisburg nake zaune, jihar Pensilbaniya, kuma farautar barewa ce ɗan abin sha'awar da ya rage mini. A nan doka ba ta yarda a harbi barewa da bindigar rifle mai ɗana kanta ba, sai wadda hannu ke ɗanawa, shi ya sa yawancinmu mai sakata muke riƙewa: ka ɗaga, ka ja baya, kwanso ya fita, ka tura, sabon harsashi ya shiga. Lokacin farautar kuma ɗan ƙanƙani ne. Ana buɗewa ranar Asabar ɗin da ke bin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba, kafin ka ce kwabo mako biyu sun shuɗe. Wanda bindigarsa ta kwanta a wannan tsakanin, sai baɗi. Naman da iyali za su ci har bazara, wanda ka san da bakinka ka yi bismilla kafin ka taɓa kunama, ya tafi ke nan.

Tawa .308 ce, wato lambar girman harsashin da take ci. Na sayi harsashi sabo fil a kwalinsa, na tafi filin gwaji in daidaita saiti. Tun harbin farko sakata ta yi tauri, sai da na sa tafin hannu na buge ta sama. Na duba gindin kwanson, ga wani ɗan zagaye yana ƙyalli a kan rubutun, ga ƙwayar da allura ke duka ta baje ta shafe. Kowane mai harbi ya san fassarar wannan: ƙarfin albarushi ya wuce ƙima, har ya matse tagullar kwanso ta kutsa cikin ɗan ramin da ke fuskar sakata. A ramin nan ne ƙarfen da ke tunkuɗo kwanso waje yake zaune a kan sifirin ɗinsa. Kana juya sakata bakin ramin zai aske tagullar da ta shiga, ɓurɓushin ya zube ciki. Can kuma wani harsashin ya ƙi tashi sam. Allura ta doke shi har ta bar gurbi, shiru kake ji. Na riƙe bindiga bakinta na kallon tudu, na ƙirga daƙiƙa 30 yadda ake koya wa kowa, gabana na dukan uku-uku. Daga kwali ɗaya fa, wani mahaukaci, wani gawa. Na tattara kayana, amma aikin gama ya gama, ɗan ƙarfen ya nutse ya ƙi dawowa. Ƙugiya na jawo kwanso lafiya lau, sai dai maimakon ya yi tsalle gefe, sai ya zube cikin bindigar ya tare wa na bayansa hanya.

Shagon da ya sayar mini da harsashin yana da mai gyara a baya, don haka can na kai ta. Na rubuta duk abin da ya faru a takarda, na zuba kwansunan da mataccen harsashin a 'yar leda, aka maƙala su jikin tikitin aiki a gabana. Aka ce in jira kira. Na jira har ganyen itatuwa ya gama zuba.

Da na shiga mai gyaran yana zaune yana latsa waya. Na gaishe shi, bai ɗago ba. Wani Bature ya shigo bayana, nan take aka miƙe, aka yi musabaha, har lafiyar karensa sai da aka tambaya. Ni ina tsaye riƙe da tikiti. Da suka gama hirarsu ya shiga ciki, ya fito da bindigata ya turo ta kan kanta da yatsa biyu.

"Dala 85."

"Yallaɓai, me ka tarar?"

"Ba abin da ya same ta. Na goge ta, na sa mata mai."

Na zare sakatar, na juyo masa fuskarta, na nuna masa ɗan ƙarfen da ke nutse a raminsa yadda na kawo shi. Bai kalli sakatar ba, ni ya kalla. Na ce ya ba ni harsashin gwaji, irin marar albarushi, mu gani da idonmu. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya jawo aljihun tebur ya ɗauko. Shi da kansa ya sa, ya rufe, sannan ya kifar da bindigar gefen dama, ramin fitar kwanso na kallon ƙasa, ya fizgi sakata iya ƙarfinsa. Harsashin ya faɗo kan kanta, ƙwal.

"Ka gani? Tana fitarwa."

"Ai kifar da ita ka yi. Faɗowa ya yi, ba ita ta jefo shi ba."

Nan ne ya canza murya. Ya ɗaga ta sama, ya riƙa rarraba kalmomi ɗaya bayan ɗaya, yana kwatanta mini da hannu a iska: "Da ƙarfi ake ja. Da. Ƙarfi. Ka gane?" Yaron da na kusa haifarsa, wanda na fara bin sawun dabba a daji tun uwarsa ba ta san za a yi shi ba, shi ne yake koya mini jan sakata. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da tambayar ko a can inda na fito mun taɓa riƙe irin wannan. Na haɗiye. Na ce to mu bar bindiga, ya duba kwansunan da na bari. Jama'a, ledar tana nan jikin tikiti yadda aka maƙala ta, ko buɗewa ba a yi ba. Na yage ta da kaina, na jera masa su a gabansa gindi sama, zagayen nan na ƙyalli ƙarƙashin fitilar shagonsa.

"Harsashin kamfani ba ya yin haka," in ji gwani. "Wa ya yi maka ɗurin gida?"

Na ciro rasit mai ɗauke da sunan shagonsu, na ajiye kusa da kwalin, na nuna masa lambar rukuni da aka buga a cikin marfin. Sai ya miƙa biro ya nuna wani allo a bayansa: harsashin da aka saya ba a mayarwa. Ya ce doka ce. Na ce wace doka, ta tarayya ko ta jiha? Ya ɗan yi jim, ya ce ta shago. Allah ya ƙara basira! Ya ce in kira kamfani, sannan ya tura mini na'urar kati: "Kati ko tsaba?" Bindiga dai ba ta fita sai an biya. Na biya kuɗin mai, na biya kuɗin darasi.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2020 da 2021, lokacin da kantocin harsashi suka koma wayam, mu ne muke sammako mu yi layi cikin sanyi don a ba mu ɗan abin da aka ƙayyade wa kowane mutum, muna godiya. Farashi ya hau, muka yi shiru. Kaya suka dawo, farashi bai koma inda yake ba, muka yi shiru. Tsofaffin masu gyara na ta ajiye aiki, waɗanda suka gaje su kuma sana'arsu ba ta wuce sauya madubin saiti da shafa mai ba. Yanzu an kai inda za ka sayi abin da zai iya tarwatse maka a fuska, ka kawo shaida, a ce kai ne ba ka iya ba.

Wani tsoho da muke haɗuwa a filin gwaji shi ya duba mini ita a bayan motarsa. Ya sa sakatar cikin leda don kada sifirin ya yi tsalle ya ɓata a ciyawa, ya fitar da 'yar ƙusar da ke riƙe da ƙarfen, ya zazzage ramin a kan farar takarda. Sai ga garin tagulla ya cakuɗe da busasshen mai, ga kuma sabon man da gwanina ya tsiyaya a kai ya ƙara dama shi ya zama kamar kunun da ya kwana. Ya wanke, ya sa sabon sifirin, kafin kofinsa ya huce kwanso na tashi gefe. Yana aiki yana mita cewa Mauser, maƙerin bindiga na Jamus, tun 1898 ya kafa nasa ƙarfen a jikin bindigar, ba a fuskar sakata ba, shi ya sa har gobe ba ya rabuwa da tsohuwar tasa. Ko sisi bai karɓa ba.

Amma yaron shago ƙaramin alhaki ne. Ya yi abin da ya yi ne saboda ya san babu inda zan kai ƙara. Amurka tana da hukumar kare masu saye daga kaya masu haɗari tun 1972. Idan abin wasan yara ya zo da matsala, ko tukunyar lantarki, tana da ikon ta sa a janye shi daga kasuwa. Bindiga da harsashi kuwa majalisa ta ce kada ta taɓa, a 1976 ma aka sake jaddada mata. Ma'aunin da ake taƙama da shi, cewa ƙarfin albarushi a cikin .308 kada ya wuce fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, na SAAMI ne, ƙungiyar da kamfanonin suka kafa wa kansu a 1926, kuma bin sa ganin dama ne. Mai kaya shi ne alƙali, shi ne shaida. Janye mugun harsashi sai in kamfani ya ga dama ya sanar. A Jamus da Faransa da Beljiyam da Ingila, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar gwajin bindiga da harsashi ta CIP, gwaji dole ne kafin kaya su shiga kasuwa, gidan gwajin bindiga na Birmingham ma tun 1813 yake aiki. Nan kuwa kai mai saye kai ne gidan gwaji, fuskarka ce ma'auni.

Wajen karɓa dai ba a makara. A ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson ta 1937 akwai harajin kashi 11 cikin ɗari a kan harsashi, kuma a jikinmu yake ƙarewa. Ban ƙi ba, kuɗin kula da namun daji ne, ni ma ina cin moriyarsa. Jiha ta ɗora nata kashi 6, ga kuɗin lasisi kowace shekara. Gwamnatin da ta san kowane kwali in an zo lissafin haraji, ita ce ba ta san shi ba in ya ƙi tashi. Duk zaɓe 'yan siyasa sai sun shaƙe juna a kan bindiga, waɗannan a hana, waɗancan a sake, amma ba ka jin wanda ya tsaya ya ce abin da ake sayar wa mai lasisi ya zama lafiyayye. Mu ma da namu: in ka yi magana a cikin mafarauta sai a ce kana neman jawo mana gwamnati, in ka yi a cikin 'yan uwa sai a ce wa ya aike ka farauta a ƙasar mutane, ka yi haƙuri.

Na kira kamfanin. Wata murya mai zaƙi ta ce in aiko da sauran harsasan su bincika. Gidan waya ba ya ɗaukar harsashi, doka ta hana, sai kamfanin jigila mai zaman kansa, kuma ni zan biya. In sun tabbatar laifinsu ne, za su turo mini takardar rangwame in je in sayi wani kwalin irinsa, a shagon da na ga dama.