A bar mai ciwo ya ja ragamar maganarsa

Na ji daɗin labarinku kan ƙwararrun masu ba da shawara kan damuwa da ke buɗe ofishin kansu suna sauraron waɗanda suka ga tashin hankali. Sai dai kun tsallake abu mai muhimmanci. Wadda aka yi wa fyaɗe, iko da kanta aka ƙwace mata. In aka matsa mata tun zaman farko sai ta faɗi komai, an fama mata ciwo ne. Tun shekarun 1940 Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya ce mai damuwar ne zai ja gaba. A tambaye ta inda take son zama, ko kusa da ƙofa. In ta yi shiru, a ƙyale ta. Kuɗin zaman kuma, don Allah a duba marasa hali.