Alhaji Bakano a Garin Malam Nasiru

(Alhaji Bakano ya je Santambul saro dogayen riguna, ya tafi da amininsa Malam Bazazzagi da zai ga likitan ido. Kaya ba su haɗu da wuri ba, sai Sani, ɗan ƙanwar Alhaji da ke karatu a birnin Konya na ƙasar Turkiyya, ya ja su zuwa wani ƙaramin gari da ake kira Akshehir. Ga su sun sauko daga bas.)

ALHAJI: Kai Sani, ina kasuwar?

SANI: Wace kasuwa, Kawu?

ALHAJI: Wadda ka taso mu dominta mana. Kusan awa biyar a jirgin ƙasa, ga awa biyu a bas. Mai hankali ba ya irin wannan tafiya sai in da sari mai sauƙi a ƙarshenta.

SANI: Ai tun a waya na faɗa maka, garin barkwanci ne. Nan Nasiruddin Hoja ya zauna, nan kabarinsa yake. Kaf Turkiyya ba yaron da bai san labaransa ba.

ALHAJI: Me yake sayarwa?

SANI: Ba ya sayar da komai. Malami ne, ya yi limanci, an ce har alƙalanci ya taɓa. Ya fi shekara 700 da rasuwa.

ALHAJI: Inna lillahi. Wato ta'aziyya ka kawo mu, kuma mun makara.

MALAM: Rabu da shi, ɗana. Bakano ko duniyar wata aka kai shi, tambayarsa ta farko ita ce nawa hayar shago. Ni na san irin mutumin. Larabawa ma suna da nasu, Juha, tun muna yara muke jin labarinsa a zaure.

ALHAJI: Dama ku Zagezagi kun san kowa, kuɗin mota ne kawai ba ku sani ba. Ni na biya.

(Suka iso gaban mutum-mutumin wani dattijo mai ƙaton rawani a kan jaki, fuskarsa na kallon wutsiya.)

ALHAJI: Wanda ya yi wannan aikin an biya shi? Ya ɗora mutum a juye!

SANI: Haka yake hawa, Kawu. An ce wata rana almajiransa na biye da shi, ya ce in ya fuskanci gaba ya ba su baya, in suka wuce gaba su suka ba shi baya, gara ya juya kowa ya ga fuskar kowa.

MALAM: Masha Allah. Ka ga ladabi tsakanin malami da almajiri.

ALHAJI: Ladabin me? Malam, shekara talatin ina Kantin Kwari. Duk wanda ka ga yana tafiya yana kallon baya, bashi ake bin sa.

(A maƙabarta. Malam ya ɗaga hannu ya yi wa mamata addu'a, Alhaji ya shafa da sauri saboda idonsa ya riga ya sauka kan wata ƙofar ƙarfe.)

ALHAJI: Kai, ka ga kwaɗo! Wannan ba ɗan Cana ba ne. Sani, tambayo mini nawa dozin.

SANI: Kawu, dubi gefen ƙofar tukuna.

ALHAJI: Ba komai a gefen.

SANI: To ai shi ne abin. Da wannan aka san kabarin tun da daɗewa: ƙofa a garƙame da ƙaton kwaɗo, kowane gefe kuma a buɗe. Mutanen garin suna cewa ko bayan ransa bai daina ba su dariya ba.

ALHAJI: Ina abin dariya a nan? An yi asarar kwaɗo.

MALAM: Ai shagonka suka kwaikwaya, Alhaji. Kwaɗo uku a waje, yaran shago suna ɗiba ta ciki.

ALHAJI: Wa ya gaya maka?

MALAM: Kai, jiya a jirgi, har da ƙwalla.

SANI: Ku zo ku ga wani abu. Shekarar rasuwarsa da aka rubuta a nan, 386 ce.

MALAM: A'a, ɗana, lissafin bai hau ba. Kai ka ce shekara 700 da ɗoriya.

SANI: Daga baya ake karantawa, Allah ya gafarta Malam. 683 ce ta Hijira, wajen 1284 ke nan a lissafin Miladiyya. Hatta lambar ma a juye take hawa.

ALHAJI: (ya yi shiru, ya cire hula ya mayar) Sake faɗa.

SANI: An rubuta 386, ana nufin 683.

ALHAJI: Allahu Akbar. A saro a 386, a sayar a 683, kuma rasit ɗaya ya ishe ka. In ɗan kwastan ya zo ka nuna masa ta nan, in mai saye ya zo ka nuna masa ta can. Sani, ka ce mutumin nan ba ɗan kasuwa ba ne?

MALAM: A maƙabarta fa muke, Alhaji.

ALHAJI: Ai addu'a nake masa.

(Suna fitowa Sani ya tsayar da su a kan wani faifai da aka dasa a ƙasa.)

SANI: Kawu, taka nan. Yanzu kana tsakiyar duniya.

ALHAJI: Tsakiyar duniya tana Kasuwar Kurmi. Wa ya kawo ta nan?

SANI: An tambayi Hoja ina ne tsakiyar duniya, ya nuna inda jakinsa ya ɗora ƙafar gaba. Aka ce ina hujja, ya ce wanda bai yarda ba ya auna.

MALAM: To ga dama ta samu. Tef ɗin awon yadi yana aljihunka, fito da shi ka ƙwato wa Kano haƙƙinta. Ba ku ne "ko da me ka zo an fi ka" ba?

ALHAJI: Ba na awo sai na ga kuɗin mai saye.

(Nan wasu 'yan makaranta da aka kawo yawon buɗe ido suka hango Malam, ga rawani, ga farin gemu har ƙirji. Suka yanyame shi suna "Hoja! Hoja!", iyaye na ta ɗaga waya.)

MALAM: Subhanallahi! Sani, me na yi musu?

SANI: Hoto suke so. Duk shekara daga 5 zuwa 10 ga Yuli ana bikinsa a garin nan, akan sa wani ya yi shigarsa ya hau jaki. Rawaninka ne ya tuna musu.

MALAM: Gaya musu ni ɗan Zariya ne, kuma ban taɓa hawa jaki a juye ba.

ALHAJI: Kada ka gaya musu komai! Malam, gyara tsayuwa. Yi murmushi. Kai yaro, bi layi. Sani, yaya ake cewa lira ashirin da yarensu?

SANI: Haba Kawu!

ALHAJI: To goma, tunda yara ne.

(Ba wanda ya ce a biya, amma da mutum ya ga babbar riga da hula a miƙe sai kunya ta sa ya jefa wani abu. Da aka watse, suka shiga lambun da aka jera mutum-mutumin labaransa, har gaban wata tukunya da za ta ci mutum biyar a tsaye.)

ALHAJI: Wannan ta gidan biki ce ko ta gidan yari?

SANI: Ta labari ce. Hoja ya ari tukunya wurin maƙwabcinsa. Da zai mayar sai ya sa wata 'yar ƙarama a ciki. Maƙwabci ya ce wannan fa? Ya ce albishirinka, tukunyarka ce ta haihu. Mutumin ya karɓe har da godiya.

ALHAJI: Ko ni ne zan karɓa. Ci gaba.

SANI: Bayan kwana biyu ya sake aro. Shiru, shiru, ba tukunya. Maƙwabci ya gaji ya je tambaya, Hoja ya fito yana share ido, ya ce sai haƙuri, tukunya ta rasu. Mutumin ya ce haba, tukunya tana mutuwa? Ya ce ka yarda ta haihu, don me ba za ka yarda ta mutu ba?

(Malam ya yi dariya har rawani ya karkace. Alhaji ko gezau, yatsu kawai yake lanƙwasawa.)

MALAM: Kai ba ka ji ba ne?

ALHAJI: Ina lissafi. Jarinsa ƙaramar tukunya, ribarsa babba, ba haya, ba ɗan dako, ba kuɗin sito. Sani, a binciki asalin mutumin nan da kyau. Ni dai jikina yana ba ni fatauci ne ya kawo kakanninsa daga Kano.

MALAM: Tunda ana maganar riba, miƙo kuɗin hotona.

ALHAJI: Wayyo Malam, ashe ba ka ji ba. Sai haƙuri. Allah ya yi musu cikawa a aljihuna yanzun nan.

MALAM: Alhaji, ka ji tsoron Allah! Kuɗi suna mutuwa?

ALHAJI: Ka yarda gemu ya haifi kuɗi, don me ba za ka yarda su mutu ba?

MALAM: Sani, laifinka ne. Ka ɗauki kura ka kai ta makarantar fawa.

(La'asar sakaliya suka ɗauki tasi zuwa bakin tafkin garin. Alhaji ya sayi kindirmon roba a hanya, ya ƙi sammawa kowa.)

ALHAJI: Ina tafkin? Ni ciyawa da taɓo nake gani.

SANI: Ga ruwan can nesa. Ya ja baya ƙwarai, ga ƙarancin ruwan sama, ga masu noman rani suna ja. Wasu shekarun har ƙafewa yake yi. Amma a nan aka yi labarin da ya fi kowanne suna. An ga Hoja a tsugune yana zuba cokalin kindirmo a ruwa, aka ce me kake yi, ya ce so nake tafkin ya zama kindirmo.

MALAM: Kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a madara a rufe ta kwana.

SANI: Yauwa. Aka ce haba Hoja, tafki yana zama kindirmo? Ya ce ni ma na san ba ya yi, amma in kuma ya yi barci fa?

ALHAJI: Shirme. Wannan kam ya zubar da jari. Ku je mota, ina zuwa, zan ɗan kama ruwa.

(Suka yi gaba. Malam ya waiwaya, sai ga Alhaji ya tattare babbar riga, ya kutsa taɓo har ƙauri, yana kakkaɓe robar kindirmo a ruwa.)

MALAM: Alhaji! Kama ruwan ke nan?

ALHAJI: Ku dai ku zama shaida, ni na zuba. In ya yi barci, daga nan har wancan dutsen nawa ne.

MALAM: Da kuɗin gemuna ka sayi kindirmon, saboda haka rabi nawa ne.

ALHAJI: Kashi ɗaya cikin goma, kuma kai za ka kawo ludayi.

SANI: Kawu, an fa riga ka. Tun 1959 ake bikin nan, kuma zuba kindirmo a tafki yana cikin al'adar bikin, da kiɗa da taron jama'a.

ALHAJI: Da kiɗa? Da taro?

SANI: Har da 'yan jarida.

ALHAJI: Shi ya sa! Ina nono zai yi barci ana ta buga masa ganga a ka? Ku yi magana a hankali. Malam, ciro rawanin nan mu rufe ko da gefen nawa ne.